Yadda Maikuɗi Ya Yi Wa Sarakunan Rum Wanka

Duk mai jin Hausa da ya zauna a unguwar Shifa ta birnin Riyad cikin 'yan shekarun nan ya san Maikuɗi, ko yana so ko ba ya so. Direba ne a gidan wani tsohon likitan haƙori, Dakta Abu Nawwaf, can arewacin Riyad. Amma in ka kira shi direba sai ya dube ka sama da ƙasa, ya ce shi na hannun daman Dakta ne, tuƙin ma yana yi ne don bai yarda wani ya ja masa mutum ba. Ranar hutunsa yakan zo tsakar gidan Hajiya Zouera mai tuwo, inda mu 'yan Najeriya da 'yan Nijar muke haɗuwa mu ci abincin gida. Sai ya cinye nasa, ya tsoma hannu a na maƙwabcinsa, sannan ya hana kowa magana.

Shi Dakta ba abin da yake so a duniya irin tara tsofaffin kuɗin sarakunan Rum. A gida an gaji da jin labarinsu, don haka in suna cikin mota sai ya juye wa Maikuɗi. Maikuɗi kuwa Larabcinsa na kasuwa ne. Ya kama rabi, ya zubar da rabi, ya cike gurbin da nasa, ya kawo mana da zafinsa.

"Akwai wani Niro," in ji shi, "wuyansa kamar na bijimi, shi ya cinna wa garinsu wuta yana kaɗa garaya. Akwai Hadriyan, shi ya fara tsayar da gemu a cikinsu, ka ga da alama ya kusa shiriya. Sai Filib Balarabe, ɗan ƙasar Sham, wanda Rum ta cika shekara dubu a hannunsa. Shi Dakta ya fi ji da shi. Ni na ba shi shawara ya saya."

Hamissou, wani ɗan Maraɗi da ke aiki a masana'antar hannayen ƙofa, ya ce, "Kai da ba ka iya karanta rubutun da ke jikinsu?"

"Ni ba rubutu nake karantawa ba, Hamissou. Fuska nake karantawa."

Daga nan muka laƙaba masa Farfesa. Mu da zolaya muke faɗa, shi da gaske yake amsawa.

Ana nan sai tafiya ta kama Dakta zuwa Jidda, ga kuma masu fenti za su shiga gidansa. Ya kira Maikuɗi ya miƙa masa wani ƙaramin akwatin katako. Ya ce amana ce, ya ajiye a ɗakinsa kada ya buɗe. Ranar Juma'a bayan La'asar ya kai masa shi istiraha, wato gidan shaƙatawar da masu tara irin wannan kuɗi ke haɗuwa a bayan gari, don shi daga filin jirgi can zai zarce. Ya ƙara da cewa in ya sami akwatin lafiya, bana da Maikuɗi zai tafi Rum, ya riƙa riƙe masa jaka.

Jirgin Dakta bai gama ɓacewa a sama ba Maikuɗi ya iso Shifa da akwati a hammata.

"Jama'a, a yafe ni," ya ce. "Rum ta kira. Dakta ya ce ba zai iya shiga kasuwar can ba sai da idona."

Muka ce to a nuna mana sarakunan mu gaisa. Ya ja aji, ya sa aka share tabarma, ya sa aka kashe fanka, sannan ya buɗe. Muka leƙa. Wasu 'yan kwabbai ne kwance kowanne a raminsa cikin jan karan-miski, wasu kore shar, wasu baƙi-baƙi, gefensu duk a karkace. Sai wani ya fara tari don ya ɓoye dariya.

Hajiya Zouera ta goge hannu a zane ta matso. "Su ke nan sarakunan? Alhaji, da murfin tukunyata ne ya yi wannan dauɗa, wallahi ba na bari baƙo ya gani."

Hamissou ya ce, "Dakta da arzikinshi ya rasa mai wanke mishi kwabo?"

Na ga maganar ta shigi Maikuɗi. Ya dubi kwabban, ya dube mu, sai fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa bushara.

"Ai shi ya sa ya ba ni," ya ce. "Babban mutum ba ya buɗe baki ya ce a wanke masa kaya, kai ne za ka gane. Kuma ku gaya mini, a garin wa ake karɓar kwanon mutum a mayar masa da shi da datti?"

Nan kam ba wanda ya musa, don haka aka raine mu duka. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, wannan koren da muke wa kallon ƙazanta shi ne darajar kuɗin. Shekaru aru-aru a cikin ƙasa ke kawo shi, kuma shi masu abin suke saye.

Hajiya Zouera ta ba da aron roba. Ta jiƙa tsamiya mai kauri irin ta kunu, ta matse lemun tsami a kai. Maikuɗi ya naɗe hannun riga, ya juye sarakunan Rum a ciki gaba ɗaya, ya ce su kwana su jiƙu.

Da safe ruwan ya koma kamar miyar kuka. Kwabban kuwa sun yi jajur, jikinsu duk ƙananan ramuka. Maikuɗi ya ce dauɗa ce ta maƙale, ya sa aka kawo tokar gawayi da soson ƙarfe. Ya ɗauki Hadriyan ya durƙusa a kansa yana dirza yana huci. Da ya ɗauraye ya ɗaga sama, Hamissou ya karɓa ya duba.

"Farfesa, ka yi wa mai gemu aski."

"Gyaran fuska ne."

"To hancin hwa? Shi ma gyara ne?"

"Hancin dama ba shi da ƙwari. Ramukan nan ne matsala, kuma hannu ba zai iya da su ba. Inji suke so. Ba kai ne kake kan injin goge ƙarfe ba?"

Hamissou ya ce shi ba ruwansa. Maikuɗi ya tuna masa cewa in ya je Rum dole ya yi wa mutane tsaraba, kuma yana riƙe da sunayen waɗanda suka taimaka. Da azahar, lokacin da ma'aikata suka tafi cin abinci, muka shiga motar Dakta muka nufi Sana'iyya ta Biyu, unguwar masana'antu inda Hamissou ke aiki. Ni na bi su ne don kada a ba ni labari.

Hamissou ya kunna injin, faifan ya fara juyawa yana gurnani. Ya ce, "Injin ga bai san sarki ba, hannun ƙohwa ya sani. Bari in taɓa guda a hankali mu gani."

"A hankali ake yi wa hannun ƙofa," in ji Maikuɗi, ya ture shi gefe. "Wannan aikin masana ne."

Ya danna na farko a jikin faifan. Kwabon ya kufce, ya yi sama, ya daki kwanon rufi, ya faɗo cikin duron baƙin mai. Maikuɗi ya tuɓe riga ya zura hannu har kafaɗa yana lalube, ya fito da kusoshi, ya fito da wani mataccen cokali, kafin ya kamo sarki. Sauran sai ya kama su da filaya ya riƙa dannawa da ƙarfinsa, tartsatsi na tashi, yana yi mana bayanin yadda Rumawa suka ci Masar da yaƙi. Da ya gama ya jera su a kan benci. Gaskiya sun yi kyau, sai walƙiya suke yi, ba rami ko ɗaya.

Na ce, "Farfesa, wanne ne Niro?"

Ya ɗauki guda ya duba. Ya juya bayansa. Ya ɗauki wani. Gaba sumul, baya sumul, ba wuya, ba rubutu. Fuskar da ya gani a jikin kwabon tasa ce, da baƙin mai a kumatu. Tun da na san Maikuɗi ban taɓa ganin bakinsa a buɗe ba tare da magana na fita ba sai ranar.

Amma bai daɗe ba ya farfaɗo. Kafin mu kai mota ya ce dama hotunan sun tsufa, sabuntawa suke so, kuma ya san wanda zai yi.

Abdou ɗan Damagaram yana da 'yar rumfa a kasuwar Batha, inda yake zana sunaye da furanni a jikin farantai da butocin gahawa. Ya jujjuya kwabban ya ce zai iya, amma a nuna masa hoton mutanen a waya.

"Wace waya?" in ji Maikuɗi. "Mutanen da na zauna da su shekara da shekaru? Kai dai riƙe ƙarfenka ina faɗa maka."

Matsalar ita ce bai san wanne ne wanne ba, sai ya raba musu suna da girman jiki. Mafi kauri ya ce Niro ne, a yi masa wuya da kumatu. Abdou ya yi masa, ya fito sak wani dillalin motoci da muka sani a unguwa. Hadriyan aka mayar masa da gemu, Maikuɗi ya ce a ƙara, aka ƙara, har ya sauko ƙirji.

"Wannan fa?" in ji Abdou.

"Filib Balarabe. Ka kula da shi, shi ne ɗan lelen Dakta."

"Balarabe? Ai wannan mai sauƙi ne."

Abdou ya sunkuya ya yi masa ƙyallen kai da baƙar igiyar nan da Larabawa ke ɗorawa, ya yi masa ɗan gemu a haɓa. Ya tambayi abin da ke bayan kwabon a da. Maikuɗi ya ce barewa ce. Abdou ya ce shi barewa ba ta zama masa daidai, in ya zana akuya take komawa, amma raƙumi ko ido a rufe.

"Balarabe da raƙumi," in ji Maikuɗi. "Ai ma ya fi dacewa. Su Rumawan ne suka yi kuskure."

A ƙarshe ya sa aka rubuta sunan kowane sarki da Larabci a gefe, don baƙin Dakta su huta da wahalar karatu.

Sai kuma wata ta taso. Da aka mayar da su akwati, sun rame, ramukan karan-miskin sun yi musu yawa, da an motsa sai su yi ta karo da juna. Muka koma gidan Hajiya Zouera ana shawara. Ita ce ta tuna cewa a zamanin kakarta kwabo da anini da huji suke, a zare ake shirya su a ɗaura a ƙugu, ba ya ɓata ba ya zubewa.

Maikuɗi ya buga cinya. "Hajiya, kin riga ni ne kawai. Duk tsohon kuɗi na gaske da huji yake. Su Rumawa injin huda ne ba su da shi."

Hamissou ya ce, "Farfesa, wanga kam ka bari Dakta ya dawo."

"In bari ya dawo ya ga rabin aiki?"

Ya ari injin huda a wurin masu haɗa kabad da ke maƙwabtaka. Hujin Niro ya faɗa a kunne, na Hadriyan a tsakiyar gemu, na Filib ya fito ta tozon raƙumi. Ya tsinke wani tsohon carbi ya shirya su a zaren, ya ɗaure, ya girgiza, suka yi kacau-kacau. Ya ce ranar Juma'a kowa ya sa tufafinsa masu kyau, yana son shaidu, kada gobe a ce ƙarya yake yi.

Muka je. Ya gaya wa mai gadin istiraha cewa mu masu taya raba gahawa ne, aka bar mu muka shiga muka tsaya jikin bango da butoci da farantan dabino. Dattawa ne zaune a kan kilisai cikin fararen riguna, kowanne da akwatinsa, da farar safar hannu, da gilashin ƙara girma. Suna miƙa wa juna kwabbai a hankali kamar masu miƙa jariri. Wani ya ɗaga nasa wajen haske, sauran suka yi ta masha Allah.

Hamissou ya matso kusa da Maikuɗi ya rage murya. "Farfesa, ka lura? Kowa nashi kore ne. Wancan da suke ta yabo ma ya hi na Dakta kore."

"Ƙazamai ne," in ji Maikuɗi. "Yanzu za su ga bambanci."

Dakta ya iso daga filin jirgi, aka gaggaisa, aka ba shi gahawa. Ya gyara zama ya ce yau ya kawo musu abin da ya daɗe yana ba su labari. Filib Balarabe ne na bikin cikar Rum shekara dubu, da barewa a baya, da wani kore irin na ganyen zaitun wanda ba a taɓa sa masa ko ruwa ba. Ya ce shekaru ya yi yana bin mai shi kafin ya yarda ya sayar. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ya Maikuɗi, kawo amana."

Maikuɗi ya tako tsakiyar kilishi, ya durƙusa, ya buɗe akwati, ya zaro zaren ya ɗaga shi sama da hannu biyu. Hasken yamma ya daki kwabban suka haska fuskokin mutane. Ya ɗan girgiza su don a ji sauti.

Dakta ya leƙa cikin akwatin, ya ga ramuka ba kowa. Ya sake duban zaren.

"Mene ne wannan?"

"Su ne, ranka ya daɗe. Na yi musu wanka."

Dakta ya miƙa hannu ya karɓa. Ya sa gilashi a ido ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan mai ƙyallen kai. Ya daɗe a kansa. "Wannan wane ne?"

"Filib ne. Ga sunansa nan an rubuta."

"Ina barewar?"

"Ta koma raƙumi, ranka ya daɗe."

Wani dattijo da ke gefe ya yi ƙoƙarin haɗiye dariya tare da gahawa, ta sarƙe shi, aka shiga bubbuga masa baya. Daga nan ɗaki ya ɓarke. Wani ya roƙi a miƙo masa ya ga Niro, wani ya fito da waya yana ɗauka. Dakta kaɗai bai yi dariya ba. Ya cire gilashin ya ajiye.

"Kwabon nan ya ga faɗuwar Rum," ya ce a hankali. "Ya kwanta a ƙasa, runduna bayan runduna ta bi ta kansa, bai rasa ko ƙwayar ido ba. Sai da na ba ka shi ajiya."

Maikuɗi ya duba hagu, ya duba dama, ya ga mu shaidunsa duk mun sunkuyar da kai cikin dabino. Sai ya gyara murya.

"Ya Dakta, ni don Allah na yi. Hotunan mutane ne irin na gumaka a gidan Musulmi. Na ce bari in share maka su, kada su hana mala'iku shiga."

"To da ka share su," in ji Dakta, "wa ya mayar da su, har da ƙarin gemu?"

Nan Farfesa ya ƙare. Dakta ya buɗe tafin hannu ya ce a ba shi makullin mota. A motar kayan wani ɗan Sudan muka koma Shifa, Maikuɗi na zaune a baya kan buhunan gawayi.

Dakta mutumin kirki ne, bai kai shi wurin hukuma ba. Ya yi masa takardar fita ta dindindin, ya saya masa tikitin Kano, ya aiko masa da kayansa, da zaren kwabban a sama, da saƙon cewa ba ya son ya sake ganinsu. Ni dai na ji tausayinsa ƙwarai. Mutum ne mai iyali a gida, kuma duk surutunsa bai taɓa cutar kowa da gangan ba.

Muka raka shi filin jirgin Sarki Khalid. A hanya Hamissou ya yi ta ja masa kunne. "In an tambaye ka, ka ce kayan ado ne. An hana hita da kayan tarihi, kak ka ja ma kanka wata." Maikuɗi ya ce ya ji.

A wurin haska kaya na'ura ta nuna ƙarfe, wani jami'i ya buɗe jakar ya zaro zaren. "Mene ne wannan, ya Hajji?"

Muna tsaye bayan shinge muna yi masa alama da ido. Na ga ya buɗe baki zai ce kayan ado, na ga kalmar ta ƙi fita. Ga jami'i, ga layin mutane suna kallo. Sai ya turo ƙirji.

"Kuɗin sarakunan Rum ne, na asali. Sun kusa shekara dubu biyu. Wannan Filib Balarabe ne."

Hamissou ya dafe kai. Jami'in ya juya kwabon, ya ga raƙumi, ya ga ƙyallen kai, ya karanta sunan da Larabci. Ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, suka yi murmushi tare.

"A Batha ka saya? Wane shago ne? 'Ya'yana za su so irinsu."

"Na gaske ne, wallahi."

"Na'am, na'am. Wuce, ya Hajji, Allah ya kiyaye hanya."

"Ka kira masana su duba. Ka kira Dakta Abu Nawwaf."

Jami'in ya danƙa masa zaren a hannu, ya zuge jakar, ya kira na baya. Shekaru muna sauraron ƙaryar Maikuɗi muna gyaɗa kai, ranar da ya faɗi tsantsar gaskiya ko kama shi ba a yi ba. Layi ya tura shi gaba yana waiwaye. Har ya shige muna jiyo muryarsa yana rantsuwa, kwabban na kacau-kacau a hannunsa.